Nawa Ne Suka Iso? Yadda Kwamfutoci Ke Ƙirga Saƙon Da Suka Karɓa

Duk wanda ya saba rubuta saƙon tes da Hausa yana saka haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, wataƙila ya lura da wani abu. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga rubutun, lambar da ke ƙirga haruffa a gefen allo takan faɗo nan take, saƙon da zai tafi guda ɗaya ya koma biyu ko uku, kuɗin da kamfanin layi zai cira shi ma ya ƙaru. Amma wanda aka aika wa saƙon ba ya ganin guntu uku. Saƙo ɗaya yake gani, a jere, babu abin da ya ɓata.

Abin da ya sa haka shi ne wayar da ta karɓa ta yi ƙirga. Ta san guntu nawa aka ce za a aiko, ta ƙirga nawa suka iso, sannan ta haɗa su. Wannan ɗan ƙaramin aiki, wato ƙirga abin da ya iso, shi ne kuma ɗaya daga cikin ginshiƙan manyan kwamfutocin da ke hasashen yanayi da sauran lissafin kimiyya. Inda aka yi sakaci da shi, lissafi yakan lalace ba tare da kowa ya sani ba, wani lokaci ma asirin mutane ya tonu.

Lissafin da ke cikin saƙon tes

Saƙon tes guda ɗaya yana ɗaukar bayit 140 ne kawai. Bayit shi ne mudun da ake auna bayanai da shi a kwamfuta, kuma kowane bayit yana da bit 8, wato saƙo ɗaya yana da bit 1,120. A tsarin GSM na asali kowane harafi yana cin bit 7, shi ya sa ake samun haruffa 160. To amma jerin haruffan wannan tsari an yi shi ne da harsunan Turai a zuciya, babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Idan ɗaya daga cikinsu ya shigo, galibin wayoyi sukan mayar da saƙon baki ɗaya zuwa wani tsari da kowane harafi ke cin bit 16. A raba 1,120 gida 16, sai a ga haruffa 70 kaɗai suka rage.

Idan rubutu ya wuce saƙo ɗaya, waya takan yanka shi, ta liƙa wa kowane guntu ɗan bayani na bayit 6 a kansa. Wannan bayani yana ɗauke da lambar saƙon, da jimillar guntayen, da matsayin wannan guntun a jeri. Saboda wurin da ya cinye, kowane guntu yakan koma haruffa 153 a tsarin farko, ko 67 a tsari na biyu. Ke nan gaisuwar Sallah mai haruffa 150 za ta tafi a saƙo ɗaya idan babu harafi mai lanƙwasa, amma ƙ guda ɗaya tak ya isa ya mayar da ita uku.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, mai karɓa ba ya ɗauka cewa komai ya iso, ƙirgawa yake yi. Na biyu, amsar tambayar "nawa ne?" ta danganta da mudun da aka auna. Kalmar "ƙasa" haruffa 4 ce, amma a tsarin UTF-8 da intanet ke amfani da shi bayit 5 ce, domin ƙ shi kaɗai yana cin bayit 2. Wanda ya ƙirga bayit yana zaton haruffa yake ƙirgawa zai iya yanke kalma a tsakiyar harafi, shi ne wani lokaci ake ganin alamar tambaya a cikin baƙin akwati a ƙarshen rubutun Hausa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Yawancin wayoyin Android na yanzu suna da furosesa mai ƙwaƙwalwa takwas, kowace tana iya nata lissafin a lokaci guda. Raba aiki ɗaya ga ƙwaƙwale da yawa don a gama da wuri shi ake kira lissafin bai-ɗaya. A cikin waya abin da sauƙi, domin duk ƙwaƙwalen suna duba ma'ajiya ɗaya, kamar 'yan gida ɗaya da ke ci a kwano ɗaya.

Manyan kwamfutoci ba haka suke ba. Frontier, wadda ke cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka, ita ce ta fara wuce lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya a jerin manyan kwamfutocin duniya a shekarar 2022. Ba na'ura ɗaya ba ce, kwamfutoci ne sama da 9,000 aka haɗa da wayoyin sadarwa masu tsananin sauri. Kowace tana da ma'ajiyarta, kuma babu wadda ke iya leƙa ta 'yar'uwarta. Idan ɗaya tana buƙatar abin da ke hannun wata, sai dai a aiko mata a matsayin saƙo.

Ƙa'idar da aka fi amfani da ita wajen wannan aike-aike ita ce MPI. Masana daga jami'o'i da cibiyoyin bincike da kamfanonin kwamfuta ne suka zauna suka tsara ta, bugu na farko ya fito a 1994. MPI ba manhaja ba ce, yarjejeniya ce a rubuce. Manhajojin da suka aiwatar da ita sun haɗa da MPICH, wadda ta fito daga cibiyar Argonne a Amurka, da kuma Open MPI, duka biyun kyauta ne. Manhajar hasashen yanayi ta WRF, wadda masu bincike a ƙasashe da dama ke amfani da ita, da MPI take raba aikinta.

A MPI ana kunna kwafi da yawa na shiri ɗaya, kowane kwafi ma'aikaci ne mai lambarsa, daga 0 zuwa sama. Ma'aikaci yana aikawa da MPI_Send, yana karɓa da MPI_Recv.

Misalin ƙurar hunturu

Mutanen Sakkwato ba sa buƙatar a yi musu bayanin hazon hunturu. Kaso mai yawa na ƙurar nan yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta zuwa Nijar da Nijeriya. A ɗauka ana so a lissafa tafiyar wannan ƙura a kwamfuta. Sai a yanka taswira gida-gida, ma'aikaci na 0 ya riƙe yankin Chadi, na 1 ya riƙe gabashin Nijar, na 2 ya riƙe yankin Maraɗi da Sakkwato. Kowa yana bin ƙwayoyin ƙurar da ke yankinsa, duk ƙwayar da ta tsallaka iyaka sai ya miƙa ta ga maƙwabcinsa.

Matsalar ita ce ma'aikaci na 2 bai san ƙwaya nawa za su shigo masa ba. Idan iska ta yi ƙarfi za su yi yawa, idan ta lafa su ragu. Abin da zai iya yi shi ne ya tanadi mazubi babba, a ce mai ɗaukar lambobi 1,000, ya jira:

int kura[1000];
MPI_Status rasit;
int nawa;
MPI_Recv(kura, 1000, MPI_INT, 1, 0, MPI_COMM_WORLD, &rasit);
MPI_Get_count(&rasit, MPI_INT, &nawa);

A nan ne sababbin masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Lambar 1,000 da ke cikin MPI_Recv ba adadin abin da ya iso ba ce, girman mazubin ne, wato iyakar abin da za a iya karɓa. Idan saƙon ya fi mazubin girma, MPI takan ba da kuskure mai suna MPI_ERR_TRUNCATE, kuma bisa al'ada shirin yakan tsaya. Wannan da sauƙi, domin an gani. Haɗarin yana wajen saƙon da bai cika mazubin ba, domin wannan ba laifi ba ne a wajen MPI. Za ta zuba abin da ya iso a farkon mazubin, ta bar sauran wurin yadda ta same shi.

A ce a zagaye na farko lambobi 800 suka iso, a na biyu 500. Gurbi na 501 zuwa na 800 har yanzu tsoffin lambobin zagayen farko ne a zaune. Shirin da bai ƙirga ba zai kwashe su tare da sababbi, ya sake lissafa ƙura 300 da ya riga ya lissafa. Kwamfuta ba za ta tsaya ba, ba za ta yi ƙorafi ba, taswira za ta fito da kyau, sai dai hazon da ta nuna ya fi na gaskiya kauri. Irin wannan kuskure ya fi wanda ke kashe shiri muni, domin yana iya ɗaukar watanni kafin wani ya gano.

Rasit da abin da ke cikinsa

Maganin yana cikin layi na ƙarshe na misalin. Duk lokacin da aka karɓi saƙo, MPI takan cike wani ɗan bayani mai suna MPI_Status, wanda ya yi kama da rasit ɗin kaya. Mai shiri zai iya karanta lambar wanda ya aiko kai tsaye, da laƙabin saƙon. Amma adadin abin da ya iso ba a karanta shi kai tsaye, sai an tambaya ta hanyar MPI_Get_count, kuma dole a faɗi mudun da ake so a auna da shi. Dalili shi ne manhajojin MPI galibi tsawon saƙon suke adanawa da bayit. Saƙo mai bayit 2,000 lambobi 500 ne idan kowace tana cin bayit 4, amma 250 ne idan kowace tana cin bayit 8. Ƙa'ida ta ce nau'in da aka ba MPI_Get_count ya zama shi ne wanda aka yi amfani da shi wajen karɓa.

Sifili ma amsa ce. MPI ta yarda a aika saƙon da babu komai a cikinsa, kuma a misalin ƙura ma'anarsa ita ce babu ƙwayar da ta tsallaka a wannan zagaye. Shirin kirki yana tanadin wannan.

Kiret ko ƙwai?

Akwai hanya ta biyu ta ƙirga, MPI_Get_elements, kuma bambancinta da ta farko yakan rikita har ɗaliban jami'a. Misalin ƙwai zai taimaka. Mai shago a Minanata ya share wurin kiret 10, kowane kiret ƙwai 30. Aka kawo masa ƙwai 90. In an tambaye shi kiret nawa, zai ce 3. In an ce ƙwai nawa, zai ce 90. Washegari aka kawo 95. Tambayar ƙwai nawa tana da amsa, 95. Amma tambayar kiret nawa ba ta da amsa da cikakkiyar lamba: in ya ce 3 ya ɓoye ƙwai 5, in ya ce 4 ya yi ƙarya.

Haka abin yake a MPI. Mai shiri yana iya ƙera nasa nau'in bayani. A ce kowace ƙwayar ƙura lambobi 3 ce: matsayinta gabas da yamma, matsayinta kudu da arewa, da nisanta daga ƙasa. Sai a ɗaure ukun su zama abu ɗaya, kamar kiret. MPI_Get_count tana ƙirga cikakkun ɗauri, MPI_Get_elements kuwa tana ƙirga ainihin lambobin da ke ciki. Idan lambobi 30 suka iso, ta farko za ta ce 10, ta biyu ta ce 30. Idan 31 suka iso, ta biyu za ta ce 31, amma ta farko ba za ta ce 10 ba, ba za ta ce 11 ba. Za ta mayar da wata alama ta musamman mai suna MPI_UNDEFINED, ma'ana babu amsa a wannan mudun.

Wannan alama ba adadi ba ce, a manyan manhajojin MPI ma lamba ce da ke ƙasa da sifili. Shirin da ya ɗauke ta a matsayin adadi zai iya tsallake saƙon gaba ɗaya, ko ya nemi ma'ajiya mai girman da babu hankali a ciki. Don haka bayan kowace ƙirga ana dubawa ko ita ce ta dawo. Idan ita ce, yawanci alama ce cewa mai aikawa da mai karɓa ba su daidaita a kan siffar bayanin ba, kuma MPI_Get_elements za ta nuna inda saƙon ya tsaya.

Leƙawa kafin karɓa

Tanadin babban mazubi yana da nasa illa. In ya yi yawa an ɓarnatar da ma'ajiya, in ya yi kaɗan shiri ya mutu ranar da iska ta yi ƙarfi. Saboda haka akwai MPI_Probe, wadda ke ba da rasit ɗin saƙon da ke jira ba tare da an karɓe shi ba. Matakan huɗu ne: a leƙa, a ƙirga da MPI_Get_count, a tanadi mazubi daidai girman, sannan a karɓa. Kamar mai shagon ne ya leƙa bayan mota ya ga yawan kayan kafin ya share wuri.

Idan ma'aikaci ɗaya yana da hannaye da yawa da ke karɓar saƙo a lokaci guda, ɗaya zai iya leƙa saƙo, kafin ya karɓa wani ya riga shi ɗauka, shi kuma ya karɓi wani saƙon da girmansa daban. MPI 3.0, wadda ta fito a 2012, ta kawo MPI_Mprobe don wannan: wanda ya leƙa saƙo, an ajiye masa shi ke nan.

Ranar da mudun ya yi kaɗan

A 1994 an tsara cewa adadi zai zauna a nau'in lamba na int, wanda a kusan duk kwamfutoci iyakarsa 2,147,483,647. A wancan zamani babu wanda ke aika saƙo mai wannan girma. Yau kuwa, idan da bayit ake ƙirga, wannan iyaka kusan gigabayit 2 ce kawai, wato fim ɗaya mai kyawun hoto zai iya wuce ta. Idan adadin ya fi ƙarfin int, MPI_Get_count takan mayar da MPI_UNDEFINED. MPI 3.0 ta kawo nau'in MPI_Count mai faɗi tare da MPI_Get_elements_x, sannan MPI 4.0 ta 2021 ta samar da sababbin ire-iren ayyukan aikawa da karɓa da ƙirga masu ɗaukar manyan adadi, irin su MPI_Get_count_c.

Abin da ya faru da aka yarda da bakin mai aikawa

Wani zai ce ai da sauƙi, mai aikawa ya rubuta adadin a farkon saƙon kawai. Ana yin haka, kuma saƙon tes ma haka yake yi. Amma abin da mai aikawa ya faɗa daban, abin da ya iso daban, kuma tarihin intanet yana da shaida.

A ranar 7 ga Afrilu 2014 aka bayyana wata ɓaraka mai suna Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet ke amfani da ita wajen ɓoye bayanai. Akwai wani ɗan saƙo da kwamfutoci ke aika wa juna don tabbatar da cewa layi bai yanke ba. Mai aikawa yakan turo 'yan haruffa tare da faɗin tsawonsu, sabar kuma ta mayar masa da su. Kuskuren shi ne sabar ba ta gwada tsawon da aka faɗa da abin da ya iso a zahiri ba. Mugu zai iya turo bayit 1 ya ce kusan kilobayit 64 ne, sabar ta mayar masa da bayit ɗinsa haɗe da duk abin da ke kwance a ma'ajiyarta kusa da shi, har da kalmomin sirri na wasu mutane. Hukumar tara haraji ta Kanada ta sanar da cewa an sace lambobin shaida na mutane kusan 900 ta wannan hanya, kuma wayoyi masu Android 4.1.1 suna cikin na'urorin da abin ya shafa. Gyaran bai wuce 'yan layuka ba: a duba ko tsawon da aka faɗa ya wuce abin da aka karɓa, in ya wuce a watsar da saƙon.

OpenSSL ba MPI ba ce, amma cutar iri ɗaya ce da ta misalin ƙura: karanta gurbin da saƙo bai cika ba. Can lissafi ne ya gurɓata, nan asiri ne ya fita.

Ga mai son gwadawa

Ba sai da babbar kwamfuta ake koyon wannan ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko wanda ke koyo da kansa a gida, laftof mai Linux ta ishe shi. A saka Open MPI ko MPICH, a haɗa shirin da mpicc, a kunna shi da mpirun -n 2, sai ma'aikata biyu su tashi a cikin na'ura ɗaya. Mai son Python yana da mpi4py, inda rasit ɗin ke da Get_count da Get_elements.

Gwaji mai amfani shi ne ma'aikaci na 0 ya aika lambobi 8, sannan ya aika 5, na 1 kuma ya karɓi duka biyun a mazubi ɗaya mai gurbi 10 ya buga abin da ke ciki bayan kowace karɓa. A karo na biyu za a ga lambobi 3 na tsohon saƙo suna nan zaune a gurbi na 6 zuwa na 8. Daga nan sai a ƙara MPI_Get_count, a sa shirin ya buga iya adadin da ta faɗa, a ga bambanci.

Wanda ba zai taɓa rubuta MPI ba ma zai haɗu da wannan ƙa'ida. Mai rubuta manhajar waya da ke jawo bayanai daga intanet zai tarar cewa aikin karantawa yakan mayar da adadin bayit ɗin da aka samu, wanda sau da yawa bai kai abin da aka nema ba, musamman inda sabis ke rawa. Lambobi uku ne kullum: girman mazubi, abin da mai aikawa ya ce ya aiko, da abin da ya iso. Na ukun kaɗai ake gina lissafi a kansa, kuma sai an tabbatar da mudun da aka auna shi.